Maguɗin Manya a Wasan Yara

Sharhinmu na yau ya shafi wani wasa ne wanda, ko da yake sunansa bai kai na babbar tamaula ta fili ba a ƙasashenmu, yana ta samun karɓuwa a birane, inda gine-gine suke cinye filayen unguwa ɗaya bayan ɗaya, watau ƙwallon ƙafa na cikin ɗaki. Abin kuwa da nake so mu tsaya mu duba a cikinsa shi ne yadda ha'inci yake shiga gasannin yara, da kuma hannun da yake buɗe masa ƙofa.

Wasan nan iri biyu ne. Na farko, wanda ake kira futsal, wani malami ne mai suna Juan Carlos Ceriani ya tsara shi a birnin Montebideo na ƙasar Yurugwai a shekarar 1930, shekarar da ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta farko ta kuma cinye ta. Da ya ga son ƙwallo ya mamaye zukatan yara, alhali filayen ciyawa ba su wadace su ba, sai ya ɗebo ƙa'idoji daga wasanni dabam-dabam ya haɗa su, domin mutum biyar-biyar su kara a kan daɓen da ake wasan ƙwallon kwando. Daga can ya shiga Birazil ya yi saiwa, har hukumar FIFA ta shirya masa gasar duniya ta farko a Holan a 1989. Nijeriya ce ta wakilci Afirka a gasar 1992 a Hong Kong, Maroko kuwa ta cinye kambin nahiyar sau uku a jere, a 2016 da 2020 da 2024. Iri na biyu shi ne na Amurka da Kanada, wanda ake yi mutum shida-shida a kan darduma mai kama da ciyawa, a cikin fage mai katanga kewaye, ƙwallo ta bugi katanga ta dawo wasa ya ci gaba. Kuma idan sanyin hunturu ya sauko dusar ƙanƙara ta rufe filaye, a waɗannan ɗakuna ne iyaye suke biyan kuɗi su sa 'ya'yansu a gasa, wadda ake rarraba wa rukuni-rukuni bisa ga shekaru da kuma gwaninta.

Duk wanda ya karanta dokokin futsal da natsuwa zai gane cewa waɗanda suka rubuta su sun san halin ɗan Adam. Sun lura cewa a fagen da tsawonsa yake kusan mita 40, faɗinsa kuma 20, inda abokin karawa yake kusa da raga a kowane lokaci, zuciya za ta yi ta raya wa mai tsaron baya cewa ya ja riga ko ya sa ƙafa, tun da bugun tazara ya fi masa sauƙi a kan ƙwallo a raga. Saboda haka suka sa aka riƙa ƙirga ketar kowace ƙungiya ana tarawa, har idan ta cika biyar a rabin lokaci guda, to, daga ta shida sai a ba abokan karawa bugu kai tsaye daga nisan mita 10, ba tare da an yi musu shingen mutane ba. Wanda aka ba jan kati, ƙungiyarsa za ta zauna da giɓinsa har minti biyu, sai fa in an ci ta kafin lokacin ya cika. Mai son cin lokaci kuma an ɗaure masa hannu, domin agogo yana tsayawa duk sa'ad da ƙwallo ta fita, kuma daƙiƙa huɗu kaɗai aka ba shi ya mayar da ita. A wasan Amurka mai katanga har shuɗin kati suke da shi, wanda yake zaunar da mai laifi minti biyu a gefe. Wannan duka hikima ce, domin an mayar da keta ciniki mai faɗuwa, yadda ko wanda ba ya jin kunya zai bar ta saboda lissafi.

Amma ketar da ake yi a kan daɓe, da faɗuwar ƙarya, da ɗan canji ya faɗo fage kafin wanda zai canza ya fita, duk waɗannan ƙananan laifuffuka ne da idon alƙalin wasa yake iya riska, kuma yaro yana yin su ne cikin zafin wasa, in aka tsawata masa ya bari. Laifin da ya fi nauyi a wurina, wanda kuma saboda shi na ɗauko zancen nan, an gama shi tun kafin a busa usur, a kan teburin rajista, da biro da takarda, kuma babban mutum ne yake yin sa da hankalinsa kwance. Shi ne koci ya ɗauko sojan haya daga wata ƙungiya ranar wasan ƙarshe ya sa masa rigar wani, ya yi sojan gona da katin wanda aka bari a gida. Shi ne a kai ƙungiya gwana a rubuta ta a rukunin masu koyo, domin ta yi ta lallasa na ƙasa da ita ta ɗauki kofi ba tare da gumi ba. Mafi muni kuma mafi yawa, shi ne a rage wa saurayi shekaru a tura shi cikin ƙananan yara.

Ku lura, jama'a, cewa illar wannan ta fi tsanani a wasan ɗaki fiye da na fili. A babban fili mutum ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma sha ɗaya, yana iya ɓacewa a cikin taro. A futsal kuwa, in aka cire mai tsaron gida, 'yan wasa huɗu ne kacal suke yawo, saboda haka ƙato ɗaya rubu'in rundunar ne, kuma ba wata kusurwa da ƙaramin yaro zai gudu ya tsere masa. Ga shi ƙasan ba ciyawa ba ce, katako ne ko siminti, a wani wurin kuma ga katanga tana jira. Tsakanin ɗan shekara 12 da ɗan shekara 15 akwai balaga, watau akwai tsawo da nauyi da ƙarfin ƙashi waɗanda horo ba ya kawo su sai lokaci. Idan kuwa waɗannan biyu suka yi karo a guje a kan daɓe mai tauri, kowa ya san wanda za a ɗauka a kai asibiti. Wanda ya sa hannu a takardar nan ta ƙarya yana da kaso a cikin karayar, ko da yana zaune a benci lokacin da ta auku.

Kada wani ya ɗauka cewa wannan ciwo na wata al'umma ɗaya ne. A 1988 'yan jarida a Meziko suka gwada shekarun da aka rubuta wa 'yan wasan ƙasar na ƙasa da shekara 20 da waɗanda ke cikin littafin shekara na hukumar ƙwallon ƙasar ita kanta, suka tarar aƙalla huɗu sun wuce haddi. FIFA ta dakatar da dukan ƙungiyoyin ƙasar shekara biyu, har babbar ƙungiyarsu ta rasa gasar kofin duniya ta 1990 a Italiya. Shekara ɗaya bayan tonon asirin nan, a 1989, hukunci ya faɗo a kan Nijeriya, sa'ad da aka ga ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da suka je gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa wa waɗanda aka bayar a gasannin baya. Aka hana ƙasar shiga wasannin matasa shekara biyu, aka kuma karɓe baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991 aka ba Fotugal. Da takardu suka kasa zama hujja, sai aka koma ga ƙashi: a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka yi a Nijeriya, har Kano da Kaduna da Bauci suna cikin biranen da suka karɓi wasanni, FIFA ta shigo da na'urar MRI, wadda take ɗaukar hoton wuyan hannu a ga ko mahaɗar girma ta ƙashin ta rufe, domin galibi ba ta gama rufewa kafin shekara 17. Mai masaukin baƙi sai da ta sallami 'yan wasa 15 kafin a fara. A 2016, Nijeriya tana riƙe da kofin duniya na wannan rukuni, 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin ana dab da karawa da Nijar. Nijeriya ta ci ɗaya da nema a Abuja, aka je Yamai Nijar ta rama da uku da ɗaya ta wuce. A farkon 2023 kuma, a Kamaru, ƙarƙashin shugabancin Samuel Eto'o a hukumar ƙwallon ƙasar, yara 21 cikin 30 gwajin ya kayar, aka kawo wasu a madadinsu, 11 daga cikinsu su ma suka faɗi.

Na kawo waɗannan ne domin tambaya guda: saurayin da ya isa sansanin ƙungiyar ƙasa da shekarun aro, a ina ya fara ɗaukarsu? Ba ranar da aka kira shi ya ƙirƙiro su ba. Ya shigo da su ne tun daga gasar unguwa, da gasar makarantu, da ƙananan makarantun horar da ƙwallo, da irin waɗannan gasanni na ɗaki da na ƙananan filaye masu shinge da ake haya da awa, inda babu na'ura, babu likita, sau da yawa ma alƙali ɗaya ne tal yake fama da wasa da agogo da 'yan kallo. A nan ne wani babba ya fara ce masa, in an tambaye ka ka ce shekararka 13. A nan ne ya ga an tafa wa ƙaryar an ba ta kofi. Daga nan kuwa sai ta bi shi, kowace takarda ta gaba ta ginu a kan ta baya, har ya kai matsayin da shi kansa ba ya iya komawa ga gaskiya ba tare da ya rushe duk abin da ya gina ba. Ita ma na'urar ba ma'asumiya ba ce, domin halittar mutane ta bambanta, akwai yaron da ƙashinsa yake rufewa da wuri alhali shekarunsa na gaskiya ne. Irin wannan yaro idan aka kore shi an zalunce shi, kuma alhakinsa yana wuyan waɗanda suka yi ta ƙarya har aka daina yarda da takardar kowa.

Akwai uzurin da ake kawowa, wajibi ne kuma mu saurare shi da adalci, domin akwai gaskiya a cikinsa. Ana cewa yara da yawa a ƙasashenmu an haife su a gida, ba a rubuta ranar ba, iyaye suna ƙirga shekaru da damina ko da wani abin da ya auku. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ma ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Ana kuma cewa ɗan talaka ba ya samun takalmi da koci sai ya girma, saboda haka in ba a rage masa ba ƙofar Turai ta rufe masa, alhali gida guda yana jiran abin da zai aiko. Na ji wannan, kuma ba na raina talaucin da yake haifar da shi. Sai dai malamanmu na fiƙihu sun bambanta tsakanin wanda ya jahilci abu da wanda ya san shi ya ɓoye. Uban da bai san ko ɗansa 13 yake ko 14 ba, ya faɗi abin da ya fi rinjaye a zatonsa, ba shi da laifi. Amma wanda ya san ɗansa ya gama sakandare, ya tafi kotu ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa a kan wata shekara dabam domin a ba shi takardar shaidar shekaru, wannan ya haɗa rantsuwar ƙarya da shaidar zur, waɗanda dukansu malamai suka lissafa cikin kaba'irai. Kuma kasancewar abin da ake nema wasa ne bai sauƙaƙa hukuncin rantsuwar ba. Sannan ƙofar da ya buɗe wa ɗansa, wani ɗan talakan ne aka rufe wa, wanda ba shi da laifin komai sai faɗin gaskiya.

Raba masu gasa aji-aji ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Buhari, daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ware waɗanda aka horar aka rage musu ƙiba ya ba su zango mai nisa, waɗanda ba a horar ba kuma ya ba su gajeren zango. Ba a haɗa su a sahu ɗaya ba, domin tsere ba ya zama tsere sai in kowane ɓangare yana da damar yin nasara, kuma a kan wannan ne malamai suka gina sharuɗɗan musabaƙa. Shi dai ɗan Umar ɗin ya ba da labarin kansa, cewa an duba shi ranar Uhudu yana da shekara 14 aka mayar da shi gida, aka duba shi ranar Handaƙ yana da 15 aka karɓe shi. Da labarin ya isa ga Halifa Umar ɗan Abdul'aziz sai ya riƙe shi haddi tsakanin yaro da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa da haka. Ku dubi yadda shugaba da kansa ya tsaya yana tantance shekarun yara ɗaya-ɗaya a ranar da ake tsananin bukatar mutane, domin kada a ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan ita ce maslahar da ke cikin haddin shekaru, ko a yaƙi ko a wasa, kuma wanda ya karya shi ya cire wa mai rauni garkuwarsa.

Shi kansa saurayin da aka rage wa shekaru, ina ganin ya fi cancantar tausayi fiye da zagi. Wasan ɗaki an ƙirƙire shi ne domin ya koya wa yaro sarrafa ƙwallo a wuri matsattse, da saurin tunani, da ba da ƙwallo kafin a rufe shi. Ƙwallonsa ma an yi ta ƙarama mai nauyi, ba ta tsalle sosai, don ta zauna a ƙafa. To, wanda yake iya ture kowa da kafaɗa ya wuce, me zai sa ya koyi waɗannan? Sai ya shekara uku ko huɗu yana cin ƙwallaye da ƙarfi tsagwaronsa, ana yi masa kirari, har ranar da zai haɗu da sa'o'insa na haƙiƙa, ƙarfi ya zo daidai, a nemi gwaninta a rasa. A lokacin kuwa shekarun koyo sun wuce, kocin da ya ci moriyarsa ya riga ya samo wani. Ƙaramin da aka zaunar a benci domin a ba ƙato wuri, shi kuma sau da yawa barin wasan yake yi gaba ɗaya, ya tafi da darasin da ya koya, cewa mai gaskiya shi ne ake bari a baya. Kuma wannan darasi ba a filin ƙwallo zai tsaya ba, zai bi shi zauren jarrabawa da kasuwa da ofis.

Wanda yake son ganin inda wannan tarbiyya take kaiwa, ya tuna abin da ya faru a Bauci a watan Yuli na 2013, a wasannin neman hawa rukuni na gaba, sa'ad da ƙungiyoyi biyu suke kankankan a maki, aka koma ga yawan ƙwallaye. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema, alhali an tafi hutun rabin lokaci ana 7 da nema a wasa ɗaya, 6 da nema a ɗayan. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'an wasa har abada, ƙungiyoyin huɗu kuma shekara goma. Samari fiye da arba'in ba sa yarda a rana ɗaya su tsaya a yi irin wannan abin kunya da su, sai in an daɗe ana nuna musu cewa umarnin babba ya fi gaskiya, sakamako kuma ya fi mutunci.

Amma hannun babba da yake ɓatawa, shi ne kuma yake gyarawa. A watan Fabrairu na 1999, a gasar kofin FA ta Ingila, Arsenal tana karawa da Sheffield United ana ɗaya da ɗaya, mai tsaron gidan Sheffield ya fitar da ƙwallo domin a duba ɗan wasansu da ya ji rauni. Da aka jefo ta don a mayar musu kamar yadda al'ada ta tanada, sai Nwankwo Kanu, wanda ranar ce ya fara buga wa Arsenal wasa kuma bai lura da abin da ake ciki ba, ya ɗauke ta ya ba Marc Overmars, shi kuwa ya zura. A doka ƙwallo ta ci, alƙali ba shi da hujjar soke ta. Duk da haka, ana tashi kocin Arsenal Arsène Wenger ya nemi a sake wasan, hukuma ta amince, aka sake bayan kwana goma, Arsenal ta kuma cin biyu da ɗaya. Shekara ashirin bayan haka, a watan Afrilu na 2019, Leeds ta ci Aston Villa alhali ɗan wasan Villa yana kwance, sai kocin Leeds Marcelo Bielsa ya umarci yaransa su buɗe hanya a rama, Albert Adomah ɗan Gana ya tafi da ƙwallo har raga, aka tashi kunnen doki, FIFA kuma ta ba Bielsa da ƙungiyarsa lambar yabo ta wasa da adalci ta wannan shekara. Waɗannan mutane biyu suna da aiki da suna da dukiya mai yawa a kan sakamakon wasanninsu. Kocin 'yan shekara 12 kuwa abin da yake gabansa bai wuce kofin gwangwani da hoto ba.

Saboda haka kirana ga masu shirya gasannin yara, na ɗaki da na ƙananan filaye, shi ne kada su dogara ga takardar rantsuwa ita kaɗai, musamman wadda aka yi ana saura mako guda a fara gasa. Su nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ko katin rigakafi na asibiti, ko rajistar shiga aji ɗaya na firamare, domin waɗannan an rubuta su ne tun ba wanda ya san yaron zai taɓa ƙwallo. A yi wa kowane yaro kati mai hoto, a rufe rajista kafin wasan farko, a kuma jera yara a gaban kocin abokan karawa kafin a fara kowane wasa. Yaron da ba shi da takarda ko ɗaya kada a kore shi, a sa shi a rukunin da jikinsa ya dace da shi bisa shawarar dattawan unguwa da malaman makarantarsa; samarin da suka wuce shekaru kuma a buɗe musu nasu rukunin, domin rashin wurin zuwa yana cikin abin da yake tura su ga na ƙannensu. Idan kuwa asiri ya tonu, to, kada a tsayar da yaro a tsakiyar fage ana yi masa ihu alhali wanda ya rubuta takardar yana zaune a inuwa. A mayar da yaron rukuninsa na gaskiya ya ci gaba da wasa, a karɓe makin, a dakatar da kocin da shugaban ƙungiyar, a kuma aika da sunayensu ga sauran masu shirya gasa a garin, domin kada su sauya wa ƙungiya suna su dawo a gasa ta gaba.